Janareta a Cikin Rake

Ko zan manta da komai a harkar kasuwanci, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a fadamar Taba ba. Bari in fara jera muku abin da ke gabana a ranar, don ku san ba a kan ƙaramin abu na zubar da mutuncina ba: injunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana guda sittin, ƙananan hukumomi uku, wato Ikara da Maƙarfi da Kudan, da shekara biyu cur ina dillalinsu ni kaɗai, ni zan kawo, ni zan haɗa, ni zan gyara. Mu biyu muka rage a takara, ni da Sabo na Ikara. Kuma har safiyar ranar, kowa ya san ni ke gaba.

Shekarata goma sha tara ina sayar da injin ban-ruwa na fetur a Maƙarfi. Ba gado na yi ba. Da tiyo da filogi na fara, a kan tebur a bakin hanya, har Allah ya kai ni ga shago mai ƙofa biyu. Na san inji da kunne. In ka tayar da shi a bayan shago ina ciki ina shan koko, zan faɗa maka ciwonsa ban ajiye ludayi ba. Da fetur ya yi tsada manoma suka fara ja da baya, sai na sauko da injin sola guda biyu na kafa a ƙofar shago, don kar a ce an bar ni a baya. Amma tsakanina da Allah zuciyata ba ta taɓa yarda da su ba. Injin da ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya ɓata maka riga, ta yaya za ka san yana aiki? Ni a wurina kamar lebura ne da ya dawo daga gona da fararen kaya.

Ana haka aka gayyace mu taron bita na kwana uku a Zariya, mu dillalai da shugabannin manoma. Wata ƙungiya ce ta shirya tare da mutanen gwamnati. Aka ba mu jaka da biro da koriyar hula mai rubutu a goshi: “Mu rage hayaƙi.” Aka yi mana bayani cewa ƙasarmu tana da dokar sauyin yanayi, kuma ta ɗauki alƙawari a gaban duniya za ta yi ta rage hayaƙin da ke ɗumama sama har zuwa shekarar 2060. (Na lissafa shekaruna a bayan takarda, na ga in ma ina raye a lokacin, sai dai a riƙa fitar da ni hantsi ana shanyawa kamar barkono.) Sun ce duk injin fetur da manomi ya jingine ana ƙirga shi, a rubuta a rahoto, rahoton ya tafi Kaduna, daga nan Abuja, daga nan kuma ƙasashen waje. Duk wannan ina jin sa ne da rabin kunne. Sai da aka ce ana neman dillali ɗaya da zai raba injuna sittin kafin a shiga noman rani na gyara zama na buɗe biro.

Sharaɗin mai sauƙi ne: kowannenmu zai kafa inji a gonar manomi, ya nuna aikinsa a gaban jama'a da Darakta daga Kaduna. Sabo ya yi nasa a Furana, ranar da aka yi rana mai fasa kai, ruwa ya fito, aka tafa aka watse. Ni kuwa nawa ya faɗo mako guda bayan nan, a ƙarshen damina, daidai lokacin da sama ta shiga halinta na rashin tabbas. Kwana uku a jere gajimare ya rufe gari.

Na zaɓi gonar Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, a Taba. Tsoho ne da ya haura saba'in, yana da rijiya a bakin fadama da rake mai tsayi a bayanta. Ranar da muka kafa injin da farantansa masu zuƙar hasken rana, akwai rana, ruwa ya zo yadda ake so. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai yi in hadari ya taso. Yanzu mai hankali me zai yi? Jajibirin taron wuni aka yi cikin gajimare. Maɓalli ɗaya ne zan danna in gani da idona. Ban danna ba. Ina da tabbacin ba zai yi ba, don haka ban ga amfanin ɓata lokaci ba. Maimakon haka sai na ɗauki fartanya.

Akwatin da ke sarrafa injin yana da kafar shigar wuta guda biyu, ɗaya ta farantai, ɗaya ta wutar lantarki in mutum yana da ita. Na ɗauko janaretan shagona a bayan a-kori-kura, na kai shi can tsakiyar raken Kawu, taku ɗari da hamsin daga rijiya. Na ja igiyar wuta, na haƙa mata siririn rami, na binne, na watsa ganye a kai. Ni da na daina riƙe fartanya tun ina saurayi, ranar har tafin hannuna ya yi ruwa.

Kawu yana tsaye yana kallona, ya ce, “Wannan kuma na mene ne, ɗan nan?”

Na ce, “Taimaka wa rana za mu yi, Kawu. Ka ga kwana biyun nan ba ta da ƙarfi.”

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya gyaɗa kai. “Gaskiya ta rame. To, madalla. Taimako ai abu ne mai kyau.”

Na nuna masa yadda ake jan igiyar tayarwa da inda ake zuba mai, na ce gobe da hantsi ya tayar, ya zauna a wurin kar ya bari ya mutu. Na ba shi koriyar hulata ya ji daɗi. Abu ɗaya na kasa faɗa masa, cewa sirri ne. Ta yaya zan dubi ƙanin uwata, mutumin da bai taɓa sa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando ba, in ce masa ha'inci za mu yi? Na bar shi a kan taimako.

Da muka gwada, sai na ga matsala. Rake ya shanye ƙarar amma bai shanye duka ba. In ka tsaya a bakin rijiya ka yi shiru, za ka ji wani gurnani daga nesa. Nan ma ban rasa dabara ba (ni da dabara ai kamar shayi da suga). Na tafi wurin Ɗanjuma mai kalangu na ɗauke shi da mutanensa uku.

Na ce masa, “Daga lokacin da motar farko ta tsaya har ta ƙarshe ta tashi, ban yarda hannunku ya huta ba. In ana jawabi ku sassauta, amma kar ku tsaya.”

Ya ce, “Ko ana addu'a, Alhaji?”

“Ku yi ƙasa-ƙasa. Ko gobara ta tashi kar ku tsaya.”

Ya ce an gama.

Da safe na isa cikin babbar riga fara mai sitaci, wadda nake ajiyewa don ɗaurin aure. An kafa rumfa, an jera kujeru. Wadda ta fara zuwa ita ce Injiniya Hadiza, ma'aikaciyar ƙungiyar, mace marar yawan magana mai yawan rubutu. Ta zagaya farantan, ta tsuguna a gaban akwatin na ɗan lokaci, ta miƙe ta dube ni, ta rubuta wani abu a littafinta. Ni ina can ina faɗa da masu kujeru, na ɗaga mata hannu daga nesa.

Wajen sha ɗaya manyan baƙi suka iso a manyan motoci shida (ban ce komai ba, ni dai na ƙirga). Ɗanjuma ya saki kiɗa. Manoma sun zo daga Taba da Nasarawan Doya har da Furana. Dagaci ya zauna a tsakiya. Sabo ma ya zo, wai don ya taya ni murna, ya samu kujerar gaba ya harɗe ƙafa.

Liman ya yi addu'a, kalangu na binsa a hankali, yana buɗe ido ɗaya yana hararar Ɗanjuma. Darakta ya tashi, dogon mutum mai furfura, mai fara'a. Ya yi bayanin doka da alƙawari, ya ce ba a manyan ɗakunan taro ake rage hayaƙi ba, a bakin rijiya irin wannan ake rage shi, inji ɗaya bayan ɗaya. Kalangu na ta binsa. Sau biyu yana waiwayawa, amma ya ɗauka al'adar garin ce.

Aka kira ni. Na danna maɓalli, ruwa ya taso daga tiyo fari tas, ya bi kwalbati ya shiga fangali. Aka tafa. Da a nan na tsaya da wataƙila na tsira da rabin mutuncina. Amma an ba ni lasifika, ga jama'a, ga mai ɗaukar hoto da na'urarsa a kafaɗa.

Na ce, “Jama'a, shekara goma sha tara ina sayar muku da injin fetur. Yau a gaban Yallaɓai da mai girma Dagaci ina neman gafararku. Ni da fetur mun rabu. Na yi masa saki uku! Janaretan shagona ma na kore shi, ko warinsa ba na son ji!”

Wuri ya ɗauki shewa. Kamar an shirya, a daidai nan wani baƙin gajimare ya taso daga gabas ya rufe rana ruf. Mutane suka ɗaga kai, suka dubi tiyo. Ruwan ya ɗan rage ƙarfi amma bai tsaya ba. Ni kuwa na san abin da na binne, don haka na buɗe hannuwa kamar mai wa'azin kasuwa.

“Ku dubi sama! Ku dubi ruwa! Ina ranar take? Babu! Ina ruwan yake? Ga shi! Wanda ya ce muku injin nan sai da rana tsaka yake aiki, maƙaryaci ne!”

Na ga Sabo ya sauke ƙafarsa. Na ga Injiniya tana rubutu. A raina na ce sittin ɗin nan sun shiga shago.

Darakta ya taso yana murmushi, ya karɓi lasifika daga hannuna ya dafa kafaɗata.

Ya ce, “Alhaji ya yi magana. Amma akwai abin da nake yi a duk inda muka kai irin wannan inji. Kunnenku ya saba da ƙarar injin fetur tun daga asuba har magariba. Ina so mu yi shiru na minti ɗaya, mu saurari wannan. Ba za ku ji komai ba sai zubar ruwa da kukan tsuntsu. Makaɗa, ku dakata mana.”

Ɗanjuma ya dube ni. Na zare masa ido. Ya ci gaba.

“Makaɗa, don Allah minti ɗaya.”

Ɗanjuma ya sassauta, amma bai tsaya ba. Gumi na zuba a fuskarsa, hannunsa na tafiya. (Ban taɓa ganin mai riƙon amana irin mutumin nan ba, kuma ban taɓa fatan mutum ya ci amanata cikin hikima irin ranar ba.)

Dagaci ya buga sandarsa a ƙasa. “Kai Ɗanjuma! Kurma ne kai? Baƙo yana magana!”

Ɗanjuma ya durƙusa, yana ci gaba da taɓa ganga da ɗan yatsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Alhaji ne ya ce ko gobara ta tashi kar mu tsaya.”

Dagaci ya ce a karɓe gangunan. Aka karɓe. Wuri ya yi tsit.

Aka ji zubar ruwa. Aka ji tsuntsu ɗaya. Sannan daga cikin rake aka ji shi, a natse, cikin ƙoshin lafiya: tu-tu-tu-tu-tu-tu. Ni da na san inji da kunne, har na ji filoginsa yana buƙatar wanki.

Darakta ya karkata kai. “Wannan fa?”

Na yi dariyar da ban san daga ina ta fito ba. Na ce, “Yallaɓai, rabu da shi. Wani maƙwabci ne, tsoho mai taurin kai. Ba irin wa'azin da ban yi masa ba, ya ƙi. Ya ce shi da fetur sai mutuwa.”

Fuskar Darakta ta washe kamar an yi masa albishir. Ya ce, “Alhamdu lillahi! Ai irinsu muka zo nema. Waɗannan da ke zaune sun riga sun yarda. Mu je mu gaishe shi.”

“Yallaɓai, akwai laka.”

“A gona aka haife ni.” Ya tuɓe takalma ya miƙa wa direbansa.

“Akwai macizai.”

“Ƙarar inji ta kore su.”

“Tsohon ba ya son baƙi, Yallaɓai. Yana jifa.”

Sabo ya miƙe yana gyara hula. “Haba Alhaji, ga Dagaci a tare da mu, wa zai jefe mu? Shige gaba, kai ka san hanya.”

Haka na shige gaba. Ni, sai Darakta ba takalmi, sai Dagaci, sai Injiniya da littafinta, sai mai ɗaukar hoto, sai Sabo, sai manoma sama da ɗari a layi ɗaya cikin rake. Ganye na yankar fuskata, ƙaiƙayi na shiga wuyana, babbar rigata na kama kowane kara. Na gwada karkata hagu don mu ɓace, wani manomi daga baya ya ce, “Alhaji, dama ne, ga ƙarar can.” Su Ɗanjuma kuwa, da suka ga an bar gangunansu a kan kujera, sai suka ɗauka suka biyo mu, suka koma bakin aiki. Maroƙinsu yana ta ɗaga murya: “Ga mai rana! Ga maƙiyin hayaƙi! Alhaji, fetur ya ga ta kansa!” Ban san ko an taɓa raka wani zuwa wurin tonon asirinsa da kiɗa da kirari ba. Ni dai an raka ni, kuma ni na ɗauko makaɗan.

Muka ɓulla wani ɗan fili. Ga janareta yana ta aiki, shuɗin hayaƙi na tashi. A jikinsa ga sunan shagona da jan fenti, manyan baƙaƙe, har da lambar ƙofa (na rubuta ne saboda maƙwabta masu aro ba sa mayarwa). Ga Kawu Ilu a kan tabarma, koriyar hula a kansa, “Mu rage hayaƙi” a goshinsa, ya hura 'yar wuta yana gasa masara. A gefensa kuma ga dogon soket, an jera wayoyin salula goma sha ɗaya suna caji.

Kawu ya ga jama'a, ya miƙe da murna yana karkaɗe riga.

“Maraba, maraba! Sannunku da zuwa! Ranka ya daɗe, har da kai? Ɗan nan, ai da ka ce baƙin za su ƙaraso nan da na gasa da yawa. Yaya, ruwan na zuwa kuwa?”

Darakta ya gaishe shi cikin ladabi, ya tambayi gida da iyali da damina, sannan ya ce, “Baba, me ake yi da injin nan?”

Kawu ya ce, “Rana muke taimaka wa. Ɗan nan ya ce ta yi rauni. Tun hantsi nake nan, sau biyu ina ƙara mai, ko tari bai yi ba.” Ya nuna inda igiyar ta shiga ƙasa. “Shi da kansa ya binne ta jiya, har hannunsa ya fashe. Yaron akwai himma.”

“Wayoyin nan fa?”

“Na ga wuta za ta tafi a banza, shi ne jiya bayan la'asar na zagaya gari na ce duk mai son caji ya kawo.”

Wato rabin Taba sun san da janaretan tun kafin in goge babbar rigata. Ina kallo Dagaci ya matsa a hankali, ya sunkuya, ya zare wata baƙar waya daga soket ya jefa a aljihu, ya koma ya tsaya yana kallon sama.

Sabo ya yi gyaran murya. “Alhaji, ni tambaya gare ni ta addini. Saki uku ai ba a kome. Wane malami ya ba ka fatawa?”

Dariyar da aka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga rake. Sabo bai tsaya nan ba, ya juya wurin Kawu. “Baba, ashe kai ne tsohon mai taurin kai? Wai har jifa kake yi?”

Kawu ya dube shi, ya dube ni. Wani ya raɗa masa abin da na faɗa a rumfa. Ya ajiye masarar da ke hannunsa.

“Ni ne mai taurin kan? Ni? Ni da na riƙe ƙafafunka ranar da wanzami ya zo, kana ihu kana kiran uwarka har ka yi mini fitsari a riga?”

Mai ɗaukar hoto ya matso kusa. Na ce a raina, ƙasa, in kina da niyyar tsagewa, yanzu ne lokacinki.

Darakta ya daina murmushi. Ya ce a kashe janaretan, a tura mutum ya duba ko ruwa ya tsaya. Kawu ya kashe. Sai a lokacin Injiniya Hadiza ta buɗe baki, karo na farko tun safe.

Ta ce, “Yallaɓai, ba sai an tura kowa ba. Ruwa na nan yana zuba. Da na zo da safe na ga baƙuwar igiya a jikin akwatin, na cire ta na tura ƙarƙashin dutse. Na ce bari in ga inda za ta kai mu.”

Na ce, “Kin cire?”

“Tun ƙarfe tara.”

“To ruwan da ya zo lokacin da hadari ya rufe...”

“Farantan ne, Alhaji. In akwai gajimare ƙarfinsa na raguwa, amma yana aiki. An faɗa a Zariya, rana ta biyu bayan cin abinci.” Ta duba littafinta. “Kana layi na uku, hularka a kan fuskarka.”

Na tsaya ina jin zubar ruwan daga nesa, yanzu da babu ƙarar komai. Maganar da na yi a rumfa hannuwa a buɗe, ita ce gaskiya mafi girma da na taɓa faɗa a bainar jama'a, kuma da niyyar ƙarya na faɗe ta. Injin ya yi aikinsa tsakani da Allah, ni ne na bi shi da sharri.

Darakta ya ja ni gefe, ƙafafunsa duk laka. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, “Alhaji, aikina shi ne in rubuta yawan hayaƙin da muka rage a kowane taro. Yau me zan rubuta? Mun zo ƙaddamar da injin da ba ya shan mai, an ƙona mai awa uku don a yi wa wayoyi caji.”

Na ce, “Yallaɓai, kuskure ne.”

“Injinka ya fi na Sabo. Na gani, Injiniya ta gani. Amma manomi zai tambayi dillali ko abin nan na aiki, kuma dillalin da bai yarda da kayansa ba, ban san me zai ce masa ba.”

Na sunkuya ina kankare laka daga rigata. Da yana neman ragi ne da na san yadda zan yi da shi.

Muka fito daga rake yadda muka shiga, sai dai wannan karon ni ne a baya, kuma su Ɗanjuma sun gane da kansu cewa lokacin tsayawa ya yi. Baƙi suka ci abincin da na sa aka dafa, suka yaba da miyar. Bayan kwana tara aka kira Sabo aka ba shi aikin.

Da yamma na koma ɗaukar kayana. Kawu ya ce janareta in tafi da shi, amma injin da farantan suna nan, ladan zagin da na yi masa a gaban Dagaci. Na buɗe baki, ya ce in ina da magana mu je wurin mahaifiyata mu yi ta a can. Na ɗauki janareta na tafi.

Ban ce na daina dabara ba, ɗan kasuwa ne ni, kuma wanda ya ce muku ya daina ku riƙe aljihunku. Abin da na koya ƙarami ne: kafin ka tsaya wa kayanka da ƙarya, ka kunna shi ka gani, wataƙila ba ya buƙatarka.

Ga yadda aka tashi. Injuna sittin sun tafi Ikara. Na sittin da ɗaya yana gonar Kawu, bana albasa ya shuka da shi. Babbar riga ta yage a wuri huɗu, tela ya ce sai dai a yi wa matashin kai riga da ita. Sunana na yanka ya ɓace daga Maƙarfi har Kudan, yanzu Mai Taimakon Rana ake kirana, har a katin ɗaurin aure. A ɗaya gefen kuma, an cika wayoyi goma sha ɗaya. Sannan in manomi ya shigo shago ya tambaye ni ko injin sola na aiki in an yi hadari, na daina rantsuwa. Sai in ce ya je Taba ya tambayi duk wanda ya fara gamuwa da shi. Yakan dawo yana share hawayen dariya, ya ce a ɗaure masa ɗaya.